Gadon ciwon ido: a yi binciken, amma a yi shi da jininmu

Idan dattijo ya fara laluben takalminsa a ƙofar masallaci, ko tsohuwa ta daina gane jikarta sai ta ji murya, abin da muke cewa bai wuce kalma biyu ba: tsufa ne. Daga nan sai a nemo sanda, a haɗa shi da yaron da zai riƙa yi masa jagora, a rufe maganar. Ba mai tsayawa ya tambaya me ya sa maƙwabcinsa, wanda ya girme shi da shekara goma, har yanzu yake karatunsa da ɗan tabarau kawai. Ba kuma mai tuna cewa mahaifin dattijon nan da makanta ya rasu, yayarsa ma haka ta ƙare. Tsufa dai kowa zai yi idan Allah ya ba shi kwana, amma makanta akwai gidajen da ta fi shiga.

Dalilin da ya sa ciwon idon tsufa ke bin wata zuri'a yana tsallake wata, shi ne masana ƙwayoyin gado suka kwashe wajen shekara talatin suna bin diddigi. Ina cikin masu ganin aikin nan ya cancanci kowane kwabo da ake kashe masa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka yi shi. Kusan duk jinin da aka auna na Turawa ne, alhali cutar da ta fi kowace jawo makantar da ba ta warkewa, wato hawan jinin ido, a jikin baƙar fata ta fi yawa, ta fi kamawa da wuri, ta kuma fi muni. Ina son a yi binciken nan a ƙasarmu, da jinin mutanenmu, likitocinmu na gaba, kuma duk wanda ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa ya koma gida da wani amfani a ranar.

Bari in fara da inda binciken ya fi yin nasara, don mai shakka ya ga abin da ake magana a kai. Can bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske da ake kira retina. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita biyar da rabi ba, sunansa makula. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake zura zare a allura. Idan ya lalace da shekaru, mutum yana ganin gefe-gefe amma tsakiyar abin da yake kallo ta dushe. Wannan cuta, lalacewar makula, ita ce kan gaba wajen makantar da tsofaffi a Turai da Amurka, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 196 ke ɗauke da ita a duniya a 2020. Likitoci sun daɗe da sanin tana tafiya da shekaru da shan sigari. Sun kuma san tana bin dangi, domin binciken da aka yi a kan tagwaye a Amurka ya nuna gado yana da kaso tsakanin 46 da 71 cikin 100 na lamarin. Sai dai ba a san inda gadon yake zaune a cikin DNA ba, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a ƙwayoyin jiki.

A 2005 ayarin masana uku suka buga sakamakonsu a mujallar Science lokaci guda, dukkansu suna nuna wuri ɗaya a kan kuromosom (ƙunshin DNA) na 1, wata ƙwayar gado mai suna CFH. Ayarin da Josephine Hoh ta Jami'ar Yale ta jagoranta marasa lafiya 96 kawai ya auna, da masu lafiya 50, ya duba wurare sama da 100,000 a DNA ɗin kowannensu. Wanda ya gaji wani ɗan sauyi a wurin daga uwa da uba duka, haɗarin kamuwarsa ya ninka kamar sau bakwai. Abin da ya ba da mamaki shi ne aikin ita CFH ɗin. Burki take taka wa wani sashe na garkuwar jiki da ake kira komfiliment, don kada ya wuce gona da iri ya auka wa naman mai shi. Ashe cutar da aka ɗauka zaizayewar shekaru ce kawai, akwai kumburi da garkuwar jiki a cikinta. Ba da jimawa ba aka gano wuri na biyu a kuromosom na 10, inda ARMS2 da HTRA1 suke. Zuwa 2016, wani babban haɗin gwiwa da ya auna marasa lafiya sama da 16,000 ya kai lissafin wurare 34.

Ba zan ɓoye cewa hanyar da ta tashi daga wannan ganowa zuwa magani ta yi tsawo ba, ta kuma yi gargada. Maganin lampalizumab, wanda aka sa wa rai sosai, ya faɗi gwaji a 2017. Sai a 2023, bayan shekara 18, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurai biyu masu daƙile komfiliment, Syfovre da Izervay, don nau'in cutar da ake kira busasshe. A cikin ƙwayar ido ake yin allurar, duk wata ko bayan wata biyu. Abin da take yi shi ne rage saurin faɗaɗar tabon da cutar ke yi a makula da kamar kashi ɗaya cikin biyar, ba ta maido da ganin da ya tafi. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ma ƙin amincewa da Syfovre ta yi a 2024, tana cewa amfaninsa ga ganin majiyyaci bai fito fili ba. Alluran da suka fi ceton idanu, irin su Lucentis da Avastin masu maganin ɗanyen nau'in cutar, daga binciken jijiyoyin jini da ciwon daji suka fito. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka kuma ba ta ba da shawarar a riƙa yi wa jama'a gwajin gado don wannan cuta ba, tunda sakamakon bai sauya abin da likita zai yi. Duk da haka, wanda ya ce binciken bai tsinana komai ba bai yi adalci ba. Kafin 2005 lalube ake yi. Yanzu an san ƙofar da ake bugawa, kuma magani na farko da ya taɓa rage saurin busasshen nau'in ta wannan ƙofa ya shigo.

To, mu fa? Lalacewar makula tana nan a cikinmu, amma ba ita ce babbar matsalarmu ba. Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya a Najeriya, aka duba idon mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya a lokacin. A Arewa maso Gabas abin ya kai kashi 6.1, fiye da ninki biyu na Kudu maso Yamma. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido ya biyo baya da kusan kashi 17. Da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka sake tace alƙaluman, sai suka ga cikin kowane mutum 20 masu waɗannan shekaru ɗaya yana da hawan jinin ido. Cikin masu cutar, ɗaya bisa biyar ya riga ya makance. Waɗanda suka san suna da ita kuwa ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai.

Dalilin rashin sanin yana cikin yanayin cutar. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa kullum, ruwan kuma yana fita ta wata siririyar magudana a kusurwar gaba. Idan magudanar ta fara ƙin wucewa, sai matsi ya ƙaru a cikin ido, ya riƙa kashe zaruruwan jijiyar gani ɗaya bayan ɗaya. Nau'in da ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya sa ido ja, ba ya ƙaiƙayi. Daga gefe gani yake fara tafiya, ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗaya asiri, har sai mutum ya fara karo da kujera ko mashin ya fito masa ta gefe bai gani ba. A lokacin da yawancin mutanenmu ke isa asibiti, ido ɗaya ya riga ya tafi. Jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Abin da maganin ɗigawa da lesa da tiyata ke iya yi shi ne tsare abin da ya rage.

An daɗe da sanin cutar nan ta fi kama baƙar fata. Binciken da aka yi a birnin Baltimore na Amurka, wanda ya fito a 1991, ya nuna ta fi yawa a jikin baƙaƙe sau huɗu zuwa biyar a kan farare. A tsibirin Barbados an samu kusan kashi 7 cikin 100 na manya, a garin Tema na Ghana ma kusan haka. Mutanen da teku ya raba ɗaruruwan shekaru, abincinsu daban, asibitocinsu daban, arzikinsu daban, amma cuta ɗaya tana bin su da ƙarfi iri ɗaya. Talauci da ƙarancin likita suna bayyana me ya sa ake makancewa da ita. Ba su isa su bayyana me ya sa take kama mutum tun yana ɗan shekara arba'in ba. Duk mai hankali zai ce a nan ya kamata a fara haƙa.

Amma ba a nan aka fara ba. A 1997 Edwin Stone da abokansa a Jami'ar Iowa suka gano ƙwayar gado ta farko, MYOC, wadda ke da hannu a kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na masu cutar. Daga nan manyan ganowar suka riƙa fitowa daga Aisland da Ostareliya da Birtaniya. A 2021 lissafin ya kai wurare 127, a 2023 ya haura 300. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare ɗan ƙaramin haɗari yake ƙarawa, sai an tara su duka ake samun abin da ake kira makin haɗari. Masana a Ostareliya sun nuna a 2020 cewa mutanen da makinsu ke cikin kashi 10 na sama suna kai wa ga cutar shekara goma kafin waɗanda ke kashi 10 na ƙasa, kuma haɗarin su kai matakin da ya yi tsanani ya ninka sau 15. Ka yi tunanin amfanin wannan a jihar da likitocin idonta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ba za a iya duba kowa duk shekara ba. Amma da ana iya ware mutum ɗaya cikin goma a ce wannan shi za a riƙa kira tun yana ɗan 35, da idanu da yawa sun tsira. Mu muka fi Ostareliya bukatar wannan makin.

Sai dai makin ba da mu aka auna shi ba. A 2009 kashi 96 cikin 100 na mutanen da ke cikin irin wannan bincike, na kowace cuta, 'yan asalin Turai ne. A 2016 ya sauko zuwa 81, amma yawancin ƙarin daga Asiya ya zo, masu asalin Afirka suna wajen kashi 3. Babbar ma'ajiyar da aka fi dogara da ita, UK Biobank, mai ɗauke da bayanan mutum 500,000, sama da kashi 90 ɗinta farare ne. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa idan aka ɗauki makin da aka gina da Turawa aka gwada shi a kan mai asalin Afirka, ƙarfin hasashensa yana raguwa fiye da sau huɗu. Tela ne ya auna wani ya ɗinka wa wani. Dalilin kuwa a tarihi yake. A Afirka ɗan Adam ya fi daɗewa, don haka a nan DNA ta fi bambanta tsakanin mutum da mutum. Sau da yawa abin da bincike ke ganowa alama ce da ke zaune kusa da ainihin sauyin da ke jawo cutar. A jikin Bature alamar da sauyin tare ake gadonsu. A jikinmu, saboda tsawon zamani, sau da yawa sun rabu.

Akwai misali a ciwon ido da ya kamata ya sa kowa taka-tsantsan. A 2007 aka gano a Aisland da Suwidin cewa wani sauyi a ƙwayar LOXL1 yana da alaƙa mai ƙarfi da wani nau'in hawan jinin ido da ɓarɓashi ke toshe magudanar ruwa. Aka gwada a ƙasashe da dama, sakamako ya zo daidai. Da aka gwada a baƙaƙen Afirka ta Kudu, sai abin ya juye: harafin da ake ɗauka kariya ne a sauran duniya, a can shi ne ke tare da cutar. Da an ɗauko gwajin Aisland an kawo shi kai-tsaye, da an kwantar wa mai haɗari hankali an tayar wa mai lafiya. Ita kanta CFH haka take. Sauyin nan mai haɗari yawansa a jikin baƙaƙen Amurka kusan daidai yake da na farare, amma matakin ƙarshe na lalacewar makula bai kama su kamar yadda yake kama farare. Akwai wani abu a jikin baƙar fata da ke sassauta cutar, kuma gano shi zai amfani Turawan su kansu.

Duk lokacin da aka waiwayo aka duba mu, ba a komawa hannu rabbana. A 2019 wani haɗin gwiwa da ya ƙunshi majiyyata daga Ghana da Najeriya da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe ya buga a mujallar JAMA cewa ya gano sauyi a ƙwayar APBB2 mai alaƙa da hawan jinin ido, sauyin da a jikin masu asalin Afirka kaɗai ake samunsa. Ko an auna Turawa miliyan goma ba za a gan shi ba. Daga cikin masu wannan aiki akwai Farfesa Adeyinka Ashaye ta Jami'ar Ibadan, wadda ta jagoranci shirin Eyes of Africa ƙarƙashin H3Africa, babban shirin binciken gado da lafiya a Afirka. A Janairun 2024 kuma ayarin Joan O'Brien na Jami'ar Pennsylvania ya buga a mujallar Cell sakamakon auna mutum 11,275 masu asalin Afirka, ya fito da wurare uku da ke da alaƙa da cutar, makin da aka gina da waɗannan mutane kuma ya fi na Turawa aiki a kansu. Aiki ne mai kyau. Amma a ajiye 11,275 kusa da mutum sama da 380,000 da ke cikin nazarin 2021 da ya kai lissafin wurare 127, a ga tazarar.

Ko a cikin wannan ɗan kason ma, ina Bahaushe? Shirin 1000 Genomes, wanda ya tattara DNA ɗin al'ummomi daban-daban na duniya kuma masana ke amfani da shi a matsayin ma'auni, ya ɗauki Yarbawan Ibadan da Esan daga Najeriya, Mende daga Saliyo, mutanen yammacin Gambiya, da Luhya daga Kenya. Babu Bahaushe, babu Babarbare, babu Buzu. Baƙaƙen Amurka kuwa yawancin kakanninsu daga yankunan gaɓar teku aka kwashe su, kuma jininsu ya gauraya da na Turawa. Mutanen Sahel tarihinmu daban ne, na fatauci da hijira da auratayya daga Tafkin Cadi har zuwa Nilu da ƙetaren Sahara. A 2020 masanan H3Africa suka karanta DNA ɗin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, suka samu sauye-sauye sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Wanda ya auna Ibadan ya ce ya auna Kano ko Damagaram, bai san Afirka ba. Kuma muna da abin da mai binciken gado ke nema ruwa a jallo: manyan gidaje, 'yan uba da 'yan ɗaki da yawa, auren zumunta, da tsofaffin da za su lissafa maka kakanni har hawa biyar su faɗa maka wanda ya makance a cikinsu. Ta hanyar bin manyan iyalai aka kai ga MYOC.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce ana zancen DNA a ƙasar da kusan rabin makafinta yana ce ta rufe musu ido, abin da tiyatar da ba ta kai rabin awa ba ke cirewa. Zai tuna mini cewa a binciken nan na ƙasa, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da huɗu cikin goma masu maganin gargajiya ne suka ture yanar da tsinke, kuma yawancin waɗannan idanu a makance aka same su. Zai ce a fara da wannan tukuna. Na yarda a fara da shi, yau ma ba gobe ba. Yanar ido ita ma tana da gado, binciken tagwaye a Birtaniya ya nuna kusan rabi, amma ba na neman a kashe ko sisi wajen gano ƙwayoyinta kafin a yi wa mutane aiki, tunda maganinta yana hannu. Inda na rabu da mai wannan magana shi ne tunanin cewa ɗaya yana cin kuɗin ɗaya. Kuɗin binciken gado daga asusun bincike yake fitowa, idan ba a kashe shi a Kano ba za a kashe shi a Landan. Sannan ko an cire duk yanar da ke Arewa, mai hawan jinin ido yana nan yana rasa ganinsa a ɓoye, shi kuma ba tiyatar da za ta dawo masa da shi. Cetonsa ɗaya ne, a gano shi da wuri.

Kuma bincike a gida yana sauya magani. A Tanzaniya, a asibitin da ke gindin Kilimanjaro, an gwada lesa mai buɗe magudanar ido da maganin ɗigawa na timolol, wanda shi talaka ya fi samu. Bayan shekara ɗaya, lesa ta riƙe matsin ido a kashi 61 cikin 100 na idanu, timolol a kashi 31. Ba binciken gado ba ne, amma ya nuna abin da ake samu idan aka yi tambaya a inda cutar take.

Akwai kuma ribar ilimin gado da ba ta bukatar ko na'ura ɗaya, kuma muna barin ta tana zubewa. A birnin Rotterdam na Holan an bi 'yan'uwan masu hawan jinin ido, aka samu haɗarin kamuwarsu a tsawon rayuwa ya kai kashi 22 cikin 100, na sauran jama'a kuwa kashi 2 da ɗan ɗori. Kusan ninki goma ke nan. Don haka duk majiyyaci ɗaya da aka gano, yana nuna maka ƙannensa da yayyensa da 'ya'yansa da ya kamata a duba. Da yawa daga cikin masu cutar ana ba su magani su tafi, ba wanda ya ce musu su turo 'yan'uwansu, ko an faɗa ba su fahimci dalili ba. Ina son in ga ranar da kowane asibitin ido zai miƙa wa irin wannan majiyyaci takarda da Hausa, da boko da ajami, ya kai gida, tana cewa duk wanda kuke uwa ɗaya ko uba ɗaya da shi, da duk ɗanka da ya kai shekara 35, ya zo a auna matsin idonsa a duba jijiyar. Mai karatu, idan mahaifinka ko gwaggonka sun rasa gani kuma likita ya ce ba yana ba ce, maganar nan da kai ake.

Saura batun amana, wanda a Arewa ba a tsallake shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a binciken da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya ƙara wa ƙin allurar shan-inna ƙarfi a 2003. Duk wanda zai zo da sirinji ya ce a ba shi jini don bincike, a wannan ƙasa zai taka, kuma mutane suna da hakkin su yi masa tambayoyi. DNA kuma ta fi magani sarƙaƙiya, domin wanda ya ba da tasa ya ba da wani ɓangare na ta 'ya'yansa da 'yan'uwansa da ba a nemi izininsu ba. Kamfanin gwajin DNA na Amurka mai suna 23andMe, wanda har sakamakon haɗarin lalacewar makula yake sayar wa mutane, an yi masa kutse a 2023 aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan bakwai, a 2025 ya shiga kotun fatarar kuɗi, bayanan gadon abokan cinikinsa suna cikin kadarorin da aka sa a kasuwa.

Saboda haka sharuɗɗan da nake gani ba na ado ba ne. A yi wa mutum bayani da harshensa, da baki, a gaban wani nasa, a bar shi ya ƙi ba tare da ya rasa magani ba. Jinin ya zauna a ƙasar, tunda H3Africa ta riga ta kafa ma'ajiya a Abuja, kuma duk mai son amfani da shi ya nemi izini ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023 da kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa. Wanda aka gano yana da cutar a wajen binciken, a ɗauki nauyin maganinsa, kada a rubuta lambarsa a sallame shi. Na'urar auna filin gani da ta ɗaukar hoton jijiya, waɗanda dole a kawo su don a tabbatar wa ke da cutar, su zauna a asibitin bayan an gama. Likitocinmu kuma su shiga tun daga tsara tambaya har zuwa tace sakamako, kada aikinsu ya tsaya a ɗibar jini.

Wani tsoron da nake da shi ya shafi aure. Mun saba da gwajin sikila, har Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024, kuma hakan alheri ne. Amma sikila ƙwayar gado ɗaya ce: AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Hawan jinin ido, in ban da 'yan tsirarun gidaje masu MYOC, ɗaruruwan ƙananan sauye-sauye ne da kowa ke ɗauke da wasu, su haɗu da shekaru da yanayin rayuwa. Mai maki sama yana iya mutuwa da idonsa garau, mai maki ƙasa yana iya kamuwa. Ba duba ba ne, lissafin yiwuwa ne, amfaninsa kawai a san wanda za a riƙa dubawa da wuri. Idan ba a bayyana wannan da kyau ba, za a wayi gari ana fasa auren yarinya don kakanta ya makance, mutane kuma su koma ɓoye tarihin gidansu, wanda shi ne abu mafi amfani da likita ke nema daga gare su. Malamai da masu shirye-shiryen lafiya a rediyo ya kamata su san bambancin nan kafin a ɗebi jinin mutum na farko.

Wuraren da za su ɗauki aikin suna nan. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano da ke aiki tun 1943, akwai asibitocin koyarwa na Aminu Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kowannensu yana ganin masu hawan jinin ido kowane mako. Idan suka haɗa rajista guda, ta majiyyaci da sakamakon gwajinsa da jerin danginsa na jini, cikin 'yan shekaru za a tara dubban mutanen da babu irinsu a kowace ma'ajiya ta duniya. TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun Najeriya, tana da asusun bincike na ƙasa da zai iya ɗaukar wannan matakin farko, don idan masu kuɗin waje suka zo su tarar da aiki ya yi nisa, su shigo a matsayin abokan tarayya bisa sharuɗɗan da muka gindaya.